Wa ya rubuta, wa ya rera, wa ya kwashi kuɗin: fashin baƙi kan albam ɗin N.W.A na Straight Outta Compton

Duk wanda ya taɓa ganin kwalin albam ɗin Straight Outta Compton na N.W.A, ƙungiyar mawaƙan gambara (rap) ta Amurka, ya san hoton nan, samari shida sun yi da'ira suna leƙo ka daga sama kamar kai ne kwance a ƙasa, ɗaya ya saita maka bindiga. Eazy-E ne mai bindigar, sauran kuma Dr. Dre da Ice Cube da MC Ren da DJ Yella da Arabian Prince. Hoton kowa ya haddace shi, amma ɗan ƙaramin rubutun nan na bayan kwali wanda sai ka matse ido kafin ka karanta, inda ake jera wa ya rubuta, wa ya haɗa kiɗa, wane kamfani ne ya mallaki waƙa, ba kasafai ake kula shi ba, alhali a kansa ne ƙungiyar ta watse cikin shekara uku kacal, abokan da suka taso tare suka koma zagin juna a faifai. Ni dai tun da na fara bin diddigin wannan rubutun na daina jin albam ɗin yadda nake jinsa da.

Bari in fara warware wani abu da yawancinmu muke cakuɗawa, don in ba a gane shi ba sauran maganar ba za ta zauna ba. A dokar Amurka waƙa ɗaya dukiya biyu ce. Akwai ita kanta waƙar, wato baitoci da kari da tsarin kiɗan, abin da ko a takarda za ka iya ajiye shi wani ya zo ya rera bayan shekara 50, wannan na marubuci ne. Sannan akwai sautin da aka naɗa a situdiyo, wanda 'yan harkar ke ce wa masta, shi kuma yawanci na kamfanin da ya biya kuɗin aikin ne. Kowanne da ƙofar da kuɗinsa ke shigowa. In rediyo ta saka waƙa, ƙungiyoyi irin su ASCAP da BMI su ke karɓo kuɗin su raba wa marubuta da kamfanin da ke riƙe da haƙƙin rubutun, kuma abin da zai ba ka mamaki a Amurka gidajen rediyon AM da FM ba sa biyan mai murya ko sisi, ɓangaren rubutu kawai suke biya. In kuma an buga faifai ko kaset an sayar, akwai kuɗin da doka ta yanka a kan kowace waƙa a kowane kwafi, a 1988 da 1989 sent 5.25 ne. Kamar ba wani abu ba ko? To lissafa, waƙa 10 a faifai ɗaya sent 52.5 ke nan, kwafi miliyan ɗaya ya zama dala 525,000, kuma wannan fa tukunyar rubutu ce kaɗai ba a taɓo kason mawaƙi na cinikin masta ba. Kamfanoni kan cusa sharaɗi a kwantiragi su biya kashi uku cikin huɗu, amma ko a hakan ma kuɗin ya doshi dala 400,000. Albam ɗin nan kuwa ya haye kwafi miliyan tun a 1989, ba tare da rediyo ta rungume shi ba, tashar talabijin ta MTV ma ƙin saka bidiyon waƙar da aka sa wa albam ɗin sunanta ta yi.

A gambarar Amurka al'adar da aka fi bi ita ce a tsaga waƙa biyu, rabi na wanda ya haɗa kiɗa, rabi na waɗanda suka rubuta baitoci su raba a tsakaninsu. Ka ga ke nan in mutum uku suka yi baiti ɗaiɗai a waƙa, tambayar wa ya rubuta baitin wane ba ta alfahari ba ce kawai, kuɗi ne tsagwaronsu.

To a nan ne labarin N.W.A ya bambanta da na sauran ƙungiyoyi. Eazy-E, sunansa na yanka Eric Wright, da farko ba mawaƙi ba ne sam, ɗan garin Compton ne da ke kusa da Los Angeles, wanda ya tara kuɗi a harkar ƙwaya yana neman inda zai juya su, sai ya kafa Ruthless Records a 1987 tare da Jerry Heller, wani gogaggen manaja da ya daɗe yana aiki da manyan mawaƙa tun shekarun 1960 da 1970. Dre da Yella daga ƙungiyar World Class Wreckin' Cru suka fito, shi kuma Cube yaro ne ɗan sakandare yana wata ƙungiya mai suna C.I.A. Cube ya rubuta Boyz-n-the-Hood aka ba wasu mawaƙan New York da ake ce wa H.B.O. su rera, suka duba suka ce wannan ba yarensu ba ne, suka yi tafiyarsu, lokacin situdiyo kuwa an riga an kama, sai Dre ya lallaɓa Eazy ya ce shiga ka gwada. Eazy bai iya hawa kiɗa ba, layi-layi aka riƙa naɗa masa ana tsayawa ana sakewa har aka haɗa waƙar, kuma ikon Allah ita ce ta ɗaga kamfanin. Daga ranar aka samu tsarin da ya bi su har ƙarshe, mai kamfani shi ne tauraro, shi ne mai murya, amma alƙalami yana hannun wasu.

Alƙaluman nan guda uku ne. Na farko Ice Cube, O'Shea Jackson, wanda shekararsa 19 lokacin da albam ɗin ya fito, kuma bai daɗe da dawowa daga Phoenix ba inda ya je ya karanci zanen gine-gine don ko da waƙa ta ƙi. Shi ya rubuta nasa baitocin, shi ya rubuta 8 Ball da Eazy ya rera, shi ya rubuta Dopeman, shi ne kuma ya rubuta Express Yourself wadda daga farko har ƙarshe muryar Dre ce ke ɗauke da ita. A cikin waƙar nan Dre yana nesanta kansa da shan wiwi, bayan shekara huɗu sai ga shi ya fitar da albam mai suna The Chronic, wanda sunan wata wiwi ce mai ƙarfi, mutane suka yi ta cewa ya yi amai ya lashe, alhali maganar farkon ma daga takardar Cube ta fito. Na biyu MC Ren, Lorenzo Patterson, wanda a ganina shi ne aka fi tauyewa a bakin masu sauraro, don shi kaɗai yake da waƙa biyu a albam ɗin da ya riƙe shi ɗaya, If It Ain't Ruff da Quiet on tha Set, ga rubutun da ya yi wa Eazy a nan da kuma a albam ɗin Eazy-Duz-It, amma in ana hira kowa Cube da Dre yake kira. Na uku kuwa ba ya ma cikin hoton. The D.O.C., Tracy Curry, ɗan Dallas ne ta jihar Texas, Dre ne ya jawo shi Kalifoniya, za ka ji muryarsa yana buɗe Parental Discretion Iz Advised, sauran aikinsa kuma a bakin Eazy yake fitowa.

Wani abu da nake so a lura da shi, albam ɗin da ya sa duniya ta san sunan Compton, biyu daga cikin manyan marubutansa ba 'yan Compton ba ne. Cube ɗan South Central ne a Los Angeles, a bas ake kai shi makaranta can Woodland Hills, D.O.C. kuwa daga wata jiha ma ya zo. Wannan bai rage wa albam ɗin gaskiyarsa ba a wajena, don abin da 'yan sanda ke yi wa samari baƙar fata a Compton shi suke yi musu a South Central, illa dai ya nuna maka cewa aikin marubuci ne, mutum ya zauna ya kalli rayuwar Eazy da ta unguwa ya ɗinka masa rigar da ta zauna masa cif.

Kuma gaskiya ba na cikin masu cewa Eazy ɗan kallo ne kawai. Wannan siririyar muryar tasa mai kama da ta yaro tana faɗin munanan abubuwa ba ko gezau, babu wanda zai iya aro ta, ka ba Cube baitocin 8 Ball ya rera da kansa wata waƙa daban za ka samu. Shi ya zuba kuɗinsa, shi ya yi kasadar, shi ya riƙa yawo da faifai a bayan mota. Mu ma nan mun san yadda abin yake, makaɗi shi ake kira da suna, 'yan amshi da masu kiɗa suna bayansa kuma sau tari akwai gudummawarsu a cikin abin da ake yabawa. Matsalar ita ce shi Eazy ya haɗa huluna da yawa a kai ɗaya, ɗan ƙungiya ne, mai kamfanin da ƙungiyar ke ƙarƙashinsa ne, haƙƙin rubutun ma yana bi ta kamfaninsa ne na Ruthless Attack Muzick, sannan manajan ƙungiyar wanda ya kamata ya tsaya wa yaran ya yi musu ciniki da kamfani, shi ne dai Heller ɗin da ke tafiyar da kamfanin. Wa zai yi ciniki da wa ke nan? Dillalin mai saye shi ne dillalin mai sayarwa, ko mutumin kirki ne shi ai dole zuciya ta yi zargi.

Cube ne ya fara tambaya. A 1989 suna tsakiyar zagayen wasanni a biranen Amurka, shekarar da wani babban jami'in FBI mai suna Milt Ahlerich ya aika wa Priority Records, kamfanin da ke rarraba musu faifai, wasiƙar ƙorafi kan waƙarsu ta caccakar 'yan sanda, filaye suna cika faifai yana tafiya, amma yaron da ya rubuta kaso mai tsoka na albam biyu har lokacin a gidan iyayensa yake kwana. Yadda shi Cube ya ba da labari, an kawo musu kwantiragi tare da cek na dala 75,000 kowanne, ka sa hannu ka karɓa, shi kuma ya ce sai lauya ya gani tukuna, sauran suka sa hannu shi ya ƙi. Adadin da aka yi ta ruwaitowa cewa ya shiga hannunsa kan duk aikin da ya yi wajen dala 32,000 ne. Ajiye wannan kusa da lissafin da muka yi a sama za ka gane abin da ya ci masa rai, ko da ka cire rabin kiɗa ka cire kason Ren da na D.O.C. A ƙarshen 1989 ya fice, rigimar kuɗin aka sasanta ta a wajen kotu, ya tafi New York wajen Bomb Squad masu haɗa wa Public Enemy kiɗa ya fitar da AmeriKKKa's Most Wanted a 1990. Tsofaffin abokansa suka kira shi maci amana a faifansu, shi kuma ya rama da No Vaseline a 1991, waƙar da in ka cire ashariyar da ke cikinta, da kalaman da ya yi kan Yahudancin Heller waɗanda ni ban ga uzurinsu ba, abin da ya rage lissafin kuɗi ne kawai yake yi musu. Heller dai har ya mutu a 2016 yana musanta cewa ya cuci kowa, ya rubuta littafi a 2006 ya kare kansa, ya kuma kai masu fim ɗin tarihin N.W.A na 2015 kotu kan yadda aka nuna shi.

Na D.O.C. ya fi taɓa min zuciya. Shi da bakinsa ya ba da labarin yadda ya sallama wa Eazy haƙƙin rubutunsa a kan sarƙar gwal da agogo, yana matashi bai san me yake bayarwa ba, wallahi duk sanda na tuna sai na ji wani iri, don sarƙa dai ranar da ka saye ta ta fara tsufa, haƙƙin rubutu kuwa har jikokinka suna iya ci. A 1989 ya fitar da nasa albam ɗin No One Can Do It Better ya karɓu sosai, bayan 'yan watanni ya yi haɗarin mota maƙogwaronsa ya lalace muryar ta tafi, sai ya zama alƙalamin ne kaɗai ya rage masa, da shi ya ci gaba da yi wa N.W.A aiki, da shi kuma ya bi Dre lokacin da shi ma Dre ɗin ya duba takardunsa ya fice a 1991 suka kafa kamfanin Death Row tare da Suge Knight. Ka ga abin da Cube ya hango shekara biyu kafin nan ke nan, sai a shekarar da ƙungiyar ta kai lamba ɗaya a jadawalin Billboard da albam ɗinta na biyu Dre ya gani.

Sai ɓangaren kiɗa. A kwali an rubuta Dr. Dre da DJ Yella ne furodusoshi a ƙarƙashin sunan High Powered Productions, Eazy kuma babban furodusa, wanda a harkar ma'anarsa mai kuɗi da yanke hukunci, ba lallai ya taɓa ko maɓalli ɗaya ba. Kalmar furodusa a gambara tana ɗaukar abubuwa da yawa, mai zaɓo tsohon faifan da za a yanko, mai tsara ganga a inji, mai tsayawa kan mawaƙi ya ce sake wannan layin har sau 20, mai daidaita sauti a ƙarshe, kuma kwali ba ya faɗa maka wa ya yi wanne. Yau sunan Dre ya yi girman da ya shanye na Yella, har mutane suna mantawa su biyu aka rubuta. A situdiyon Audio Achievements da ke Torrance aka yi aikin, injiniya Donovan Smith ne a kan na'ura, Stan Jones ya kaɗa jita, irin waɗannan a tsarin harkar kuɗin aiki ake biyansu, ba su da kaso a rubutu. Arabian Prince kuwa yana cikin waɗanda aka fara ƙungiyar da su, yana hoton kwali, amma waƙar ƙarshe kawai za ka ji shi, Something 2 Dance 2, mai kiɗan rawa irin wanda Los Angeles ke yayi kafin zuwan salon daba. Da hannunsa a Supersonic ta 'yan matan J.J. Fad wadda ta kawo wa Ruthless kuɗi da lambar yabon yawan ciniki ta zinariyar faifai tun N.W.A ba ta fashe ba, kuma shi ma kan maganar kuɗi ya tafi, tun kafin Cube ma.

Akwai kuma wasu marubutan da ko ƙofar situdiyon ba su taka ba. Express Yourself an gina ta ne kacokan a kan waƙar Charles Wright da Watts 103rd Street Rhythm Band ta 1970 mai wannan sunan, bes ɗin da amshin duk nasu ne, shi Wright da yake shi ya rubuta abarsa yana da ƙafar tsayawa ya nemi haƙƙinsa. A 1988 ana yanko kiɗan mutane ne kusan yadda aka ga dama, doka ba ta gama farkawa ba. A Disambar 1991 ne wani alƙali a New York, Kevin Duffy, ya yanke hukunci kan Biz Markie da ya ɗauki waƙar Gilbert O'Sullivan ba izini, ya buɗe hukuncin da dokar Attaura ta hana sata, daga nan kowane kamfani ya shiga taitayinsa, sai an nemi izini an biya mai masta an biya mai rubutu, wani lokacin mai tsohuwar waƙar ya ce rabi zai karɓa ko ma duka. Kuma abin ya sake zagayowa kan N.W.A ɗin, don shari'ar Bridgeport da kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 2005, wadda ta ce ko ɗan mitsitsin sauti ka yanko daga masta sai da lasisi, a kan jitar Funkadelic ce ta daƙiƙa biyu da aka saka a waƙarsu ta 100 Miles and Runnin'. Shi ya sa albam irin wannan mai cike da gutsattsarin tsofaffin faifai, in yau za a yi shi, jerin marubutan kowace waƙa sai ya fi baitin tsawo.

Amma duk wannan gyaran bai kai ga mutumin da gangarsa ke ƙarƙashin waƙar farko ta albam ɗin ba. Wannan bugun da ke tura Straight Outta Compton gaba tun daga baitin Cube, an yanko shi ne daga Amen, Brother ta ƙungiyar The Winstons, waƙar bayan faifai ce ta 1969, gaban faifan Color Him Father ce wadda ta ci Grammy. A tsakiyar waƙar sauran kayan kiɗa suka yi shiru, mai ganga Gregory Coleman ya yi bugu shi kaɗai na wajen daƙiƙa bakwai, wannan ɗan guntun ne aka yi ta yanka a dubban waƙoƙi, a Ingila ma salon kiɗa sukutum aka gina a kansa. Shi mai ganga a idon doka ba marubuci ba ne kuma ba mai masta ba ne, don haka babu ƙofar da kuɗi zai biyo ya same shi, shugaban ƙungiyar Richard Spencer ma ya ce sai a 1996 ya san abin da ake yi da faifansu, lokacin da wani ya kira shi yana neman mastan.

A 2016 aka shigar da N.W.A zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame, mutum biyar aka rubuta, Eazy wanda ya mutu tun Maris 1995 yana da shekara 30, da Dre da Cube da Ren da Yella, babu Arabian Prince babu D.O.C. Shekara guda kafin nan fim ɗin tarihinsu, wanda Cube da Dre da matar Eazy suna cikin furodusoshinsa, ya yi cinikin sama da dala miliyan 200. A wannan shekarar dai ta 2015 wasu masu kiɗa 'yan Birtaniya suka buɗe asusun karo-karo a intanet suka tara wa Spencer wajen fam 24,000 suka aika masa, ya karɓa ya yi godiya. Coleman bai ga ko wannan ba, ya mutu a Atlanta tun 2006 ba shi da matsuguni.